Ni Ma Da Keke Na Shiga Rogo

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Karaye, zuwa ga ɗana Garba, sabon malamin makarantar elementare ta Rogo.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata ka sauka lafiya, ka sami masauki na kirki, kuma baƙunta ba ta takura maka ba. Mu nan gida lafiya ƙalau, sai dai kewa. Allah Ya tsare ka, Ya tsare hanyar da kake bi, Ya haɗa ka da mutanen arziki.

Na san za ka yi mamakin takarda mai kauri haka daga mutumin da ranar tafiyarka bai ce maka komai ba sai "To, Allah Ya kiyaye." Ba rashin abin faɗa ba ne. Na shirya maganata tsaf, amma innarka da gwaggonninka suka kewaye ka, wannan tana cusa daddawa a jaka, waccan tana ɗaure kuka a bayan keke, innarka kuwa tana share hawaye da gefen mayafi kamar wanda zai tafi Gwanja fatauci. Na ce mata, "Haba ke kuwa, Rogo ce fa, garinku." Ta ce, "Ai don na san garin nake kuka. Na san yadda muke yi da baƙo mai ji da kansa." Tana faɗa tana kallona. Na gane da wa ake.

Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. Audu mai jakai zai kawo maka ranar kasuwa, tare da ƙullin dakuwa. Dakuwar ka ci da wuri, takardar ka karanta a hankali.

Ka san na yi aikin duba-gari, amma ka san ni ne bayan duniya ta laushe ni. Ba ka san ni ba sa'ad da aka fara tura ni Rogo, ina saurayi kamarka, da sabon kaki mai sitaci, da sabon keke, da hula a karkace. A lokacin ji nake duk faɗin ƙasar nan ba wanda ya san tsafta sai ni da Baturen likita da ya koya mana a Kano. Na taso daga Karaye da hantsi, na isa gab da azahar. Akwai wani durumi kusa da masallaci, dattawa na zaune a inuwarsa suna jiran salla. Na hango su sarai. Zuciyata ta ce in sauka, kaki ya ce kada in sauka, na bi maganar kaki. Maimakon sallama sai na kaɗa musu ƙararrawa, na ɗaga hannu ɗaya kamar Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi.

Ashe gaban durumin nan rairayi ne mai zurfi. Ƙafar gaba ta nutse, keke ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na wuce ta samansa na zube a gaban mutane, hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ciwo ke nan. Sai wani tsoho mai farin gemu, Malam Na'iya, ladanin masallacin, ya dube ni a natse ya ce, "Sannu da sauka, samari. Mun ɗauka ba za ka sauka ka gaishe mu ba, ashe irin taka saukar ce daban."

Sai a nan dariya ta ɓarke. Shi ne kuma ya tashe ni, ya kaɗe mini ƙura, ya miƙo mini butar alwala, daga bisani ya ba ni ɗaki a zaurensa. Amma sunan ya riga ya kama ni. Har na bar Rogo, Mai-sauka ake ce mini. In ka ji wani tsoho ya kira ka ɗan Mai-sauka, kada ka ɓata rai, gadonka ne, ka amsa da fara'a.

Saboda haka, ɗana, ka sauka da kanka tun ƙasa ba ta sauke ka ba. In ka hango manya, ka sauka daga nesa, ka tura keken da hannu, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Ka tambayi gida, ka tambayi gona, ka tambayi gajiya, kada ka yi gaggawar gama gaisuwa don kana ganin agogo. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle waɗannan ba wadanni ba ne, su ne iyayen yaran da za ka koyar.

Da faɗuwar ta koya mini hankali gaba ɗaya da na huta. Ba ta koya mini ba.

Aikinmu a lokacin shi ne mu bi gida gida tare da mai unguwa, a yi sallama, mata su shige ɗaki, mu duba rijiya da kwata da randunan ruwa. In mun ga tsutsar sauro a randa, sai a zubar da ruwan a wanke ta. Iyakar abin da aka ce mu yi ke nan. Wata rana muka shiga gidan wata tsohuwa mai yin daddawa, ana ce mata Iya Tabawa. Ita ba ta shiga ɗaki ba, ta ce ta haifi wanda ya haifi irina. Tana da wata ƙatuwar randa a gindin bishiyar lemo, baƙa wuluk don tsufa, ruwanta sanyi kamar na ƙorama. Na leƙa, na ga tsutsa na ta wutsil-wutsil.

Na ɗaga murya don maƙwabta su ji, na ce, "Iya, wannan ai gidan cuta kika ajiye!"

Ta ce, "Yaro, da ruwan nan na raini 'ya'ya da jikoki. Bari in kira yara su kwashe a hankali."

Ban jira ba. Na naɗe hannun riga, na kama bakin randa zan karkata ta in nuna ƙwazo. Ta fi ƙarfina, ta kuɓuce, ta daki saiwar lemo, ta rabe gida biyu. Ruwa ya malale tsakar gida har cikin takalmina.

Iya Tabawa ba ta yi zagi ba, ba ta yi kururuwa ba. Ta durƙusa ta ɗauki ɓari guda tana shafawa, ta ce, "Da ita aka kawo uwata gidan miji, da ita aka kawo ni. Yaro, tsutsar aka aiko ka kashewa, ko randar?"

Maimakon in ba da haƙuri, sai na ce ai doka ce, na juya na fita. Ka ji wauta.

Washegari na fita neman koko, mai koko ta ce ya ƙare, alhali ina ganin ƙwarya cike. Na je wurin mai fura, ta ce ta mutane ce. Mai ƙosai ta ce mai bai yi zafi ba, na tsaya ina kallo ta sallami wanda ya zo bayana. Ba wadda ta ɗaure mini fuska, kowace da murmushinta da "Sannu, Malam," amma ko loma ban samu ba. Matan garin nan sun haɗa kai ba tare da an yi shela ba. Na koma cin ɗanyar gyaɗa da gasasshen rogo, har na ce wa kaina, to, yau ga ma'anar sunan garin. Wandon kakin da ke kama ni ya fara neman zamewa.

Malam Na'iya yana lura da ni har ya ga na yi laushi. Ya kira ni bayan la'asar ya ce, "Mai-sauka, kana son ka ci tuwo a garin nan?"

Na ce, "Wallahi ina so, Baba."

Ya ce, "To, ka je wurin masu ginin tukwane ka zaɓi randa mafi girma. Kada ka ɗora wa jaki, kada ka ba wani ya ɗauka maka. Ka yi gammo ka ɗora a kanka, ka bi ta tsakiyar kasuwa, da kakinka."

Na ce, "Baba, da kakin?"

Ya ce, "Ai da shi ka fasa."

Haka na yi. Ranar kasuwa kuwa. Mutane suka dare mini hanya, mahauta suka bar nama suna tafi, wata mata ta rangaɗa guɗa kamar ana kai amarya. Na isa gidan gumi na zuba har cikin ido. Na sauke, na durƙusa, na ce, "Iya, na yi laifi, ki yafe mini." Ta zagaya randar, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta saurari ƙararta, ta ce, "Ba ta kai waccan ba, amma wuyan da ya ɗauko ta ya yi ƙoƙari. Tashi." Ta sa aka damo mini fura da nono. Ban taɓa shan fura mai daɗin wannan ba, har yau.

A nan ne na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na roƙe ta ta bar ni in nuna mata wani abu. Na samo kwalba, na ɗebo ruwa mai tsutsa daga wani kasko a bayan gida, na ɗaure bakin da ƙyalle, na ce ta ajiye a inuwa ta riƙa dubawa. Ba a daɗe ba ta aiko a kira ni. Na tarar da tsakar gidan cike da mata, kwalba na yawo hannu zuwa hannu, sauro na ta shawagi a ciki. Iya Tabawa ta riƙe haɓa tana cewa, "Ashe ni ke kiwon 'yan banzan nan! Ina ba su masauki da ruwan sha, su kuma suna biyana da cizo!" Kafin wata ya mutu, ba randar da ba ta da faifai a kanta a unguwar nan, kuma ban ɗaga wa kowa murya ba.

Gani ya kori ji, Garba. Za ka tarar da iyayen da in sun ji za a ɗauki yara makaranta sai su ɓoye su a rumbu, ko su tura su ƙauye wurin dangi. Kada ka ce jahilai ne. Tsoro suke ji, kuma suna da dalili, don sun ga yaran da boko ya sa suka raina fartanya suka raina iyaye. Kada ka je musu da dogari. Ka je da kanka, ka zauna a tabarma, ka sha ruwan da aka ba ka. In wani ya sami wasiƙa daga ɗansa da ke Kurmi, ka sa ɗaya daga cikin ɗalibanka ya karanta masa a gaban mutane, ya kuma rubuta amsa. Ka je ka gai da malamin makarantar allo tun kafin ya ji labarinka a bakin wani, ka nuna masa ba yaransa ka zo ƙwacewa ba. Kai ma a gaban irinsa ka fara buɗe baki.

Af, na manta ban gaya maka ba. Ranar da na sauke randar nan na durƙusa, na ji wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya a bayan zana, har aka tsawata mata. Jikar Iya Tabawa ce. Ita ce innarka. In ka tambaye ta za ta ce tari ne ya sarƙe ta, kada ka yarda.

Tun da na ambace ta, bari in faɗa maka wani abu game da zaman gida, don na san ba za a daɗe ba gwaggonninka za su fara yi maka zancen aure. Da aka kawo mini ita Karaye, ko wata ba ta cika ba na dawo daga aiki, sabo ya ja ni, na zarce madafa ina buɗe tukwane ina leƙawa. Na shafa bakin tulu da yatsa na ɗaga ina dubawa a haske. Da aka kawo abinci na buɗe akushi, tuwo ne fari tas, ba miya.

Na ce, "Ina miyar?"

Ta ce, "Tana tukunya, Malam. Na ga ba a duba kukar ba, ba a duba daddawar ba, na ji tsoron kada in karya doka."

Na ci tuwon nan gaya, ina ci ina dariya, ita ma ta kasa riƙewa. Tun daga ranar nake tuɓe duba-gari a zaure kafin in shiga gida. Kai ma haka za ka yi. Malanta ta fi duba-gari naci, don malami ya saba yana magana ana shiru. Matarka ba 'yar aji ɗaya ba ce, abokanka ma haka. In ana hira, ka bar wasu su faɗi abin da ka riga ka sani, ba abin da zai ragu a jikinka.

Akwai wani abu kuma, wannan ba na dariya ba ne sosai. Ban san ko ka tuna ba. Kana aji biyu, abokina Tanko na Kafin Dafga ya kawo mini ziyara da mutanensa. Ina son in yi taƙama, na kira ka na miƙa maka jarida na ce ka karanta musu. Ka fara da kyau, sai ka ci karo da wata doguwar kalma, ka tsaya, ka maimaita farkonta, ka sake tsayawa. Na fizge jaridar na ce, "Tashi ka ba mu wuri, ka ba ni kunya." Tanko ya shiga zancen damina don ya rufa mini asiri. Daga ranar ka daina karatu da murya in ina gida. In ka ji sallamata sai ka rufe littafi.

Innarka ce ta gyara ɓarnar, ita da ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Sai ta riƙa kawo maka kwalin ashana, ko buhun gishiri, ta ce, "Malam ƙarami, me aka rubuta a nan? Ni fa kai ne idona." Kome ka karanta sai ta tafa hannu ta ce ba ta taɓa jin mai karatu irinka ba. A haka bakinka ya sake buɗewa. In yau ana kiranka malam, rabin aikin na kwalin ashana ne.

Don haka ka kula da yaron da ya tsaya a tsakiyar kalma. Ka jira shi. Kada ka bari aji ya yi masa dariya, kai kuma kada ka zama farkon mai yi. Bulala tana warkewa kafin a tashi makaranta, kunyar da aka ba yaro a gaban mutane kuwa takan bi shi har ya yi gemu.

To, kada ka ɗauka tsufa ya raba ni da kwaɓa. Bari ka ji ta kwanan nan, bayan tafiyarka. Ka san an kafa rediyo a dandali, kullum da yamma muna taruwa. Yanzu ba zancen da ake sai na mulkin kai da zaɓe. Na saurara da kyau, washegari na shiga kasuwa na zauna a rumfar mai goro, aka ce, "Malam, me akwatin ya ce jiya?" Na gyara zama na ce, "An gama magana, Turawa tashi za su yi. Ba lalle bana ba, amma an ce kowa ya zauna da shiri."

Ban lura ba ashe a bayana akwai wani dattijo daga ƙauyen nan na kusa da mu mai suna Turawa, ya zo sayen gishiri. Bai tsaya jin sauran ba, ya ɗaure gishirinsa ya kama hanya.

Kashegari da sassafe na ji sallama. Na fito na tarar da zaure cike da dattawan Turawa, kowa da sandarsa, fuska ba walwala. Babbansu, Baba Ɗanlami, ya ce, "Malam, an ce kai ka ji da kunnenka. Mun zo mu ji gaskiya kafin mu wuce gaba. Ina za a kai mu? Gyaɗa ko cirewa ba mu yi ba. Kakanninmu suna kwance a ƙasar nan. Wane laifi muka yi da za a tashe mu?"

Sai a lokacin na gane. Na ce, "Wayyo, Baba! Ba ku ba! Turawa masu jajayen kunne nake nufi, su ne za su koma ƙasarsu!"

Sai Baba Ɗanlami ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina sandarsa da bango, ya ce, "Au, waɗancan? To, su su tashi mana, Allah Ya kai su lafiya. Mu kam da suka zo a nan suka same mu." Aka kwashe da dariya har wani ya ƙware. Amma sun ce tun jiya matansu ke kuka, wata har ta fara ɗaure ƙore. Ba yadda za a yi su koma da yunwa, innarka ta ɗora tukunyar biki. Da suka tafi ta ce, "Malam, daga yau in za ka je sauraron rediyo, ka gaya mini in jiƙa dawa da yawa."

Ka ga ni tsohon duba-gari ne kawai, amma rabin magana daga bakina ta hana gari guda barci. Ina ga kai, da za a riƙa cewa "Malamin makaranta ne ya faɗa"? Za su kawo maka jarida, za su tambaye ka me ake ciki. Abin da ka sani ka faɗa cikakke, ka tabbata an gane. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, rawaninka ba zai faɗi ba. Magana zarar bunu ce.

Zancen jam'iyyu kuma, ban hana ka ra'ayinka ba, na san jininku na samari yana tafasa, kuma wasu abubuwan da kuke faɗa gaskiya ne. Amma ka dubi Tanko da ƙanensa. Ciki ɗaya, gona ɗaya, yanzu kowa da tasa jam'iyyar, har sun daina cin tuwo a akushi guda, sai 'ya'yansu ke kai saƙo tsakaninsu. A ajinka za ka sami ɗan wannan ɓangare da ɗan wancan a benci ɗaya. Kada yaro ya gane daga fuskarka wace ce jam'iyyar ubansa. Zaɓe zai zo ya wuce, Bature ma zai tafi in Allah Ya so, amma mutanen da za su ɗauki gawarmu su ne dai waɗannan da muke sahu ɗaya da su.

Saura magana guda, na bar ta ƙarshe don ita ta fi yi mini nauyi.

Ka tuna ana gobe za ka tafi ka same ni a kan zancen ƙanwarka Asabe. Ka ce an buɗe wa 'yan mata aji a makarantar Karaye, in bar ta ta shiga. Na ce a'a. Ka sake magana, na ce ba a gidana ba, me mutane za su ce, kuma tun yaushe ɗa ke tsara wa uba gidansa. Ka sunkuyar da kai ka ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Baba," ka fita. Na ga yadda ka yi sallama da ni da safe, ladabi cikakke, amma ido a ƙasa. Abin ya tsaya mini a rai.

Shekaranjiya na zagaya bayan rumbu zan ɗauko magirbi. Sai na ga rubutu da gawayi a jikin bango, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yarinya. Manyan baƙaƙe, wasu a karkace, amma ana karantawa sarai. An rubuta: BABA YA CE AA. A ƙarƙashinsa kuma an sake rubutawa, an kuma sakewa, kowane layi ya fi na samansa kyau.

Na kira ta. Ta zo tana ɓoye hannu a bayanta, yatsu baƙi ƙirin. Na ce, "Wa ya koya miki?"

Ta ce, "Yaya ne, da hutu. Baba, kada ka yi masa faɗa, ni na matsa masa. Zan goge."

Na ce, "Me ya sa wannan kika rubuta?"

Ta ce, "Shi kaɗai na iya haɗawa da kaina. Sauran duk Yaya ne ke faɗa mini."

Na daɗe tsaye a bayan rumbun nan. Na ce a raina, yau shekara nawa ina gaya wa mutane kada su ji tsoron abin da ba su gwada ba, ga shi a gidana tsoron bakin mutane ya sa na zama abin da 'yata ta fara rubutawa a duniya. Na shiga na gaya wa innarka. Ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba ta ce, "Ni dai na gaji da aron ido. In na sami mace mai karanta mini abu a cikin ɗaki, ai na huta."

Jiya da safe na kama hannun Asabe da kaina, muka bi ta gaban masu zaman dandali, na tsaya na gaishe su ɗaya bayan ɗaya don kowa ya gani da kyau, na kai ta wurin hedimasta. Wani ya ce, "Malam, har da mata?" Na ce, "Har da su." Ba a ƙara ba. Da la'asar kuma tana nan a makarantar allo kamar kullum, ba abin da ya ragu. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, amma wannan karon kai ka riga ni hangowa, kuma ban ji kunyar faɗa ba. Ka ɗago idonka.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ka riƙe karatun Alƙur'ani ko da kaɗan ne kullum. Ka je ka gai da dangin innarka tun ba su aiko ba, zumunta a ƙafa take. Ka rufe ruwan shanka. In ka ji zazzaɓi kada ka yi jarumta, ka aiko. Innarka na gaishe ka, gwaggonninka na gaishe ka, Tanko ma ya ce a gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka, Ya kare ka daga sharrin baki da sharrin hanya, Ya sa yaran da za ka koyar su yi maka addu'a bayan ba ka. Allah Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Sule.

Asabe ta tsaya a kaina ta ce sai na bar mata wuri a ƙasa. Ga alƙalamin na ba ta, ban taya ta ko baƙi ɗaya ba:

YAYA INA GAISUWA. BABA YA CE TO.